Shafin da Malama Ta Ninke

Baba Mai Guga bai taɓa iya haɗa baƙi biyu ya karanta ba, amma kada ka kuskura ka ce masa bai san littafi ba. Shagonsa ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin matattakalar wani bene: tebur ɗaya da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, dutsen guga na gawayi, kwanon ruwan yayyafi, igiyar rataye riguna, sai wata kujerar roba mai karyayyen hannu a bakin ƙofa. Kujerar nan ta matarsa ce. Ita ta yi makaranta, shi ya sa yake kiranta Malama, da farko don tsokana, daga baya sunan ya bi ta har unguwa ta manta da na ainihi.

Da ta gama aikin gida sai ta taho da littafi a hammata, ta zauna, ta lashi yatsa, ta buɗe. Shi yana guga, ita tana karatu. Muryarta ba wata ta a zo a gani ba ce, tana da ɗan kaushi, kuma takan yi tuntuɓe a doguwar kalma ta koma baya ta sake ɗauko ta. Amma ta san inda ake tsayawa. In ya ɗaga dutse zai hura gawayi sai ta dakata, in ya kai kan wuyan riga, inda aiki yake son natsuwa, sai ta sassauta. Haka suka yi shekaru suna cinye littattafai, shi da hannu a kan kayan mutane, ita da yatsa a kan layi.

Na ƙarshen da suka ɗauko labarin wani direban babbar mota ne da ya tafi kai kaya bai dawo ba, matarsa tana ta zuba ido. Direban bai dami Baba ba, matar ma haka. Wadda ta tafi da hankalinsa ita ce goggon direban, wata tsohuwa mai baki kamar reza. Maƙwabci ya zo jaje, ta dube shi ta ce, "Jaje ka zo, ko leƙen tukunya?" Mai gidan haya ya shigo da cika baki, ta ce kansa kamar an fara masa aski aka ɗauke wuta. Duk sanda goggo za ta yi magana, Malama takan ɗago kai ta ɗan kalli titi, sannan ta saki maganar, Baba kuwa ya jingine dutse ya yi dariya har da share ƙwalla da gefen singileti.

Saura 'yan shafuka su gama Malama ta kwanta ciwo. Ta ninke kunnen shafin da suka tsaya ta miƙa masa littafin, ta ce, "Kada ka bari wani ya ƙarasa maka. In na tashi ni zan ƙarasa." Ba ta tashi ba. Littafin ya koma kan kantar shagon, kusa da gwangwanin sitati, kuma har yau Baba bai san ko direban ya dawo ba. Mutane kan ajiye zobe ko mayafi; shi 'yan shafukan nan da bai ji ba ya ajiye, yana ganin muddin suna nan, akwai sauran magana tsakaninsa da ita.

Shirun shagon ne ya dami 'yarsu, Auta, sai ta cika masa waya da littattafan sauraro. Ita da kyakkyawar niyya ta yi, amma abin da ta jawo wa kunnen tsohon nan Allah kaɗai ya sani. Akwai wanda yake karatu kamar kare ya biyo shi, babu waƙafi babu numfashi, ya haɗa gaisuwa da mutuwa a baki ɗaya. Wani kuma sai ya manna baki a jikin makirfo, kana jin yadda yake haɗiyar yawu, kana jin harshensa yana motsi, har Baba ya ture abincinsa gefe ranar. Wadda ta fi ba shi ƙyama ita ce muryar na'ura, wata mace da ba mace ba, wadda take faɗin an haihu da an mutu da murya iri ɗaya, kamar mai kiran lambar layi a asibiti. Rannan wani mai karatun ya zo wajen da mota ta faɗi a labari, sai kawai ya kurma ihu babu gargaɗi. Baba ya firgita, dutse ya zauna a wuyan farar rigar wani ma'aikacin banki, ya bar masa tambari. Tun yana saurayi rabonsa da ƙona kayan mutum.

Daga nan duk wanda ya kawo guga sai ya sha bayani, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. "Waɗannan ba karatu suke ba," in ji shi, yana yayyafa ruwa da ƙarfi kamar rigar ce ta yi laifin. "Ba su san akwai mutum a ɗaya gefen ba. Bango suke yi wa." Sai ya ja tsaki mai tsawo, ya kashe wayar, ya ci gaba da aiki cikin shirunsa.

Ana haka mijin Auta ya shiga sana'ar. Da can rigunan waya yake sayarwa a bakin kasuwa, sai ya wayi gari ya sayo makirfo, ya lilliƙa soso a bangon ɗakinsu, ya raɗa wa kansa Mai Muryar Zinare, alhali babu wanda aka tambaya. Yaro ne mai ladabi, ba a raba shi da durƙuso da gaisuwa, kuma yana riƙe Auta da kyau. Wannan ne ma ya sa abin ya yi wuya, don da mugu ne da an huta.

Wata rana da hantsi suka shigo shagon su biyu, shi da 'yar lasifika a hannu, ita da murmushi har kunne. A hammatarta Baba ya hango littafin. Ya waiga wajen kantar, ya ga wajen babu komai sai zanen ƙura.

"Baba, kyauta muka kawo maka," in ji Auta. "Ya karanta maka shi duka, daga farko har ƙarshe."

"Na ma ga an lanƙwasa wani shafi, Baba," in ji mijin, yana sunkuyar da kai. "Na miƙe shi, na danne shi da katifa ya koma daidai."

Baba ya kafa wa littafin ido. Ya so ya yi faɗa, amma ya dubi fuskar Auta, fuskar uwarta sak, sai ya haɗiye. Kuma gaskiya ɗaya ce, ya gaji da jira, yana kewar goggon nan kamar 'yar uwarsa ta jini. Ya ce, "To. Sa mu ji daga farko."

Sai da aka sha kiɗa tukuna, wani kiɗa mai kumfa irin na tallan sabulu. Sannan Mai Muryar Zinare ya gaida masu sauraro na gida da na waje, ya roƙe su su danna nan su danna can, ya faɗi sunansa har Baba ya fara jin sunan yana masa ɗaci. Da aka shiga labari kuwa sai abin ya ƙara lalacewa. In direba zai yi magana, yaron nan sai ya kumbura murya kamar mai magana daga cikin randa. In matar ce, sai ya matse hanci ya yi wani siririn kuka irin na akuyar da aka taka wa ƙafa. An ce hadari ya haɗu, sai ga tsawa ta fashe a lasifika har garwashin dutse ya yi tsalle. Baba ya ji kunya ta kama shi a madadin yaron, ya ji ƙyama, ya ji kamar an shigo ɗakin Malama da takalmi. Yaron kuwa yana zaune a kujerarta, yana motsa leɓe yana bin muryar kansa, yana satar kallon surukinsa.

Baba ya daure, ya ci gaba da jan dutse a kan wani wando. Goggo yake jira. Ya ce a ransa ko da muryar akuya aka yi ta, maganarta za ta fitar da kanta.

Maƙwabci ya zo jaje. Goggo ta ce, "Sannu da zuwa. Allah ya bayyana shi." Aka wuce. Mai gidan haya ya shigo ya yi cika bakinsa ya fita, goggo ko tari ba ta yi ba.

Baba ya jingine dutse. "Tsayar da shi. Kai, ka tsallake."

"Wallahi, Baba, ko wasali ban tsallake ba."

"Ina maganar tukunya? Ina askin da aka ɗauke wa wuta? Kun ishe mu da kiɗa da tsawa, abin da yake shi ne littafin kuma kun zubar."

Auta ta buɗe littafin da sauri don ta raba gardama. Ta sami wajen, ta bi da yatsa, ta juya shafi, ta dawo. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago idonta ya kawo ruwa, bakinta kuma yana son yin dariya.

"Baba, babu su a nan. Goggon nan gaisuwa kawai take yi. Mama ce take ƙarawa."

Baba ya dubi titi. Ya tuna yadda Malama take ɗago kai ta kalli titi. Ya tuna mai benen nan da suke haya a ƙarƙashinsa, da sanƙonsa da ya ci rabin kai ya tsaya. Ashe duk dariyar da ya sha ba daga takarda ta fito ba, a kujerar nan aka ƙera ta, don shi kaɗai.

Yaron, da yake Allah bai ba shi sanin lokacin yin shiru ba, sai ya ce, "Ai shi ya sa na ƙara masa kiɗa, Baba, littafin ba shi da armashi. Amma ƙarshen ya yi kyau. Bari in kai maka can ka ji." Ya kai yatsa kan waya.

Baba ya riƙe masa hannu, da hannun nan nasa mai kanta. "Bar shi."

"Ba ka son ka ji ko direban ya dawo?"

"Ya dawo ko ya ƙi dawowa, shi ta shafa. Ni abin da goggo za ta ce masa nake jira, shi kuma ba ya cikin abin nan naka."

Ya sa Auta ta nemo masa shafin. Ba a sha wuya ba, don katifa ba ta iya goge layin gaba ɗaya ba. Ya shimfiɗa littafin a kan bargo, ya mai da kunnen shafin yadda Malama ta bar shi, ya ɗora ƙyalle a kai, ya taɓa gindin dutse da jiƙaƙƙen yatsa ya ji zafinsa daidai ne, ya danna. Ya mai da littafin kusa da gwangwanin sitati, sannan ya dubi surukinsa.

"Na gode, Allah ya yi albarka," in ji shi. "Tashi daga kujerar nan, hannunta a karye yake."