Makin Ɓera Biyu, Nawa Sifili

Ko na manta komai na ƙuruciyata, ba zan manta ranar da na tsaya gaban keji ina kwaikwayon fuskar ɓera ba.

Lokacin na gama makarantar kiwon lafiya ke nan, na samu aikin wucin gadi a wani ɗakin bincike a Gusau. Kullum da safe in hau mota daga Bungudu, littafin soyayya a jaka, kaina cike da jarumai masu tabarau, waɗanda kallo ɗaya suke yi wa yarinya su karance zuciyarta kaf. Da na ga likitan da zan yi wa aiki, dogo, mai tabarau, mai sanyin murya, sai na ce shi ke nan, an buɗe shafin farko.

Bincikensa a kan wani ciwon mata ne, wanda irin fatar cikin mahaifa ke tsirowa inda ba wurinta ba, ta riƙa gana wa mace azaba duk wata. Fararen ɓeraye mata ake sa wa ciwon. Tun da ɓera ba ta magana, sai an auna zafin da take ji, aikina ke nan. An manna hotunan fuskokinsu a bango. In ta kanne ido, ta kwantar da kunne, gashin bakinta ya sandare, maki biyu. In kaɗan ne, ɗaya. In garau take, sifili. Mukan kuma sa musu auduga: mai lafiya ta yayyaga ta gina sheƙa, mai ciwo ko kallonta ba ta yi. Duk wadda ta kai biyu, nan take a yi mata allurar rage zafi, a hana kowa ɗaga murya.

Ni kuwa tun ina 'yar sha huɗu nake fama da ciwon mara, irin mai sa amai da birgima a ƙasa. A gida tuni aka ba ni makina. Inna ta ce in na haihu zai wuce, gwaggo ta ce son jiki ne, mai kemis ɗin unguwarmu ya ce duk mata haka suke.

Ran nan ciwon ya taso mini a wurin aiki, kamar ana murɗa mini igiya a mara. Ban faɗa wa kowa ba, domin a littattafaina jaruma ba ta faɗa, jarumi ne ke ganewa. Na cika takardu, na kai wa likitan shayi, sannan na je na tsaya jikin keji na bakwai, na kanne ido daidai yadda hoton maki biyu ya nuna. Da ina iya kwantar da kunne, wallahi da na kwantar.

Ya taho a hankali, fuskarsa cike da tausayi. "Allah sarki, baiwar Allah, kin sha wuya," in ji shi. Zuciyata ta yi tsalle. Sai ya miƙa hannu ya buɗe kejin. "Malama, rubuta mata biyu." Ya ɗan dube ni. "Barci kike ji ne? Je ki wanke ido, kada ki ɓata mana maki."

Akwai wata dattijuwa 'yar Kucheri da ke mana shara, ita ce ta tarar da ni a bayan ƙofa na duƙe ina haɗa gumi.

"Ke ɗiya, mi ka cin ki?"

Na faɗa mata, har da zancen kanne idon. Ta yi dariya sai da ta dafa tsintsiya.

"Ɓera ta fi ki wayo! Ita da ta ji ciwo sai ta aje auduga. Ke kin yi rubutu, kin dafa shayi, kina ta sannu Dakta. Da mi za shi gane? Ni akuyata in ta bar cin dussa na san ba lahiya. Mace kuwa da ciwon take daka, sai a ce ƙalau take. Tashi mu je, baki gare ki."

Haka ta ja ni har gabansa. Na sunkuyar da kai na faɗa, ba irin ta littafi ba, har da aman da birgimar. Ya cire tabarau. Sannan ya yi mini tambayoyin da ya daɗe yana so ɓerayensa su amsa: tun yaushe, a ina, yaya zafin yake. Ya rubuta mini takarda zuwa wata likitar mata, ya ce, "Ta ƙware, maiɗakina ma can take zuwa awo." A nan littafin nawa ya ƙare, tun bai kai shafi na biyu ba.

Bayan hoto da gwaje-gwaje aka tabbatar ciwon ɓerayen ne nake ɗauke da shi shekara takwas. Aka sa ni a kan magani, na fara sanin wata ba kuka.

Abin da na koya shi ne, don ɓera ba ta da baki ake karanta mata fuska. Wadda Allah ya ba baki ta ɗinke shi tana jiran mai tabarau, sifili za a rubuta mata, ta kuma kawo shayi.