Malamin da Ya Buɗe Bakin Tanimu

Ina zaurena a Ƙofar Kibo, allura a hannu, ladan ya leƙo ya ce Malam Haruna na elementare ya cika. Na yi salati. Jikana Tanimu, ɗan ajinsa, shi ne ya fara faɗo mini a rai.

Ban yi karatun boko ba, har gobe kuma ban yarda da shi ba. Mai unguwa ne ya sa yaron a makaranta, ba da son raina ba. A gida bakinsa ba ya hutawa, amma a aji da an ce "tashi ka faɗa" sai harshe ya ƙi motsi. Ran nan har fitsari ya kuɓuce masa. Yara suka laƙaba masa Bebe.

Marigayi bai aiko a kira ni ba, da ƙafarsa ya zo. Ya tarar Tanimu na naɗe mini zare yana ta zuba surutu.

Na ce, "Malam, sako mini shi. Ɗinki ba ya bukatar baki."

Ya yi dariya. "Baba, kai da kake ɗinkin, yaushe ka taɓa yin shiru? Ara mini zaren nan kawai."

Daga ranar, a aji yakan miƙa wa yaron zare ya riƙa naɗewa, ya bar shi a zaune, ya yi tambayar yana kallon allo, ba idonsa ba. Yakan ce, "Tsoro ne ya riƙe shi. In na daka tsawa, tsoron na ƙara wa ƙarfi." Masu dariya kuwa yakan ce musu, "Ku jira shi, ba inda za mu." Kafin damina ta wuce, Tanimu na amsawa, murya na rawa amma tana fita.

Yanzu an ce za a kawo wani malami, ba wanda ya san halinsa. Tun da muka dawo daga maƙabarta yaron bai ce uffan ba, sai jiya.

"Kaka, sabon zai bar ni in zauna?"

Ranar komawa makaranta ni zan kai shi, kuma ba zan bar ƙofar ajin ba sai an saurare ni.

Allah Ya jiƙan Malam Haruna, Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya raya marayunsa, Ya tausasa zuciyar magajinsa. Yadda ya sauƙaƙa wa yara tambaya, ya Allah, Ka sauƙaƙa masa tambayar kabari. Amin.