Littattafan Kawu Sani Uku a Ruwais

Talata: Katsina zuwa Jidda

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na rufe ƙofar gidana a Katsina, jaka ɗaya a hannu, harami a ciki. Mun yi sallah a Kankiya. Shingen jami'an tsaro biyar muka wuce kafin Bichi, kuma a kowanne sai direba ya leƙo ya ce, "Masu umra ne, ranka ya daɗe," alhali ni kaɗai ne mai tikiti a motar. Bakwai da kwata muka shiga Kano, tafiyar kilomita wajen ɗari da saba'in.

Umra ce ta fitar da ni, amma ba ita kaɗai ba. Kawu Sani, yayan mahaifiyata, ya yi karatu a Jamus yana saurayi. Daga baya ya tafi hajji, Jidda ta riƙe shi shekara arba'in yana gyaran agogo. A wannan zaman ya cika littattafai uku da hannunsa, bayanin falsafar Jamusawa da Hausa. Ni kuwa falsafa nake koyarwa a kwaleji, da Turancin da ni kaina da ƙyar nake haɗiye shi. Sai 'yarsa Ramla ta bugo waya: za a rushe layinsu a unguwar Ruwais, ranar Lahadi za su koma ɗaki biyu a Waziriyya, kuma mijinta ya ce tsofaffin takardu ba za su hau mota ba.

Jirgi ya tashi sha biyu na rana, muka sauka bakwai saura na agogon can. Laraba na yi umrata a Makka, Allah ya karɓa.

Alhamis: Ruwais

Wani direba Bamaraɗe ne ya ɗauko ni daga Bab Makka a cikin Jidda. "Bon, Malam, Ruwais ɗin wace? Rabinta ai ta zama fili." Minti ashirin muna zagaya tarin bulo kafin muka ga Ramla a bakin ƙofa tana ɗaga hannu. "Ahlan, Yaya! Yalla, shigo, Baba tun fajar yana tambaya."

Na same shi a zaune kan darduma, siriri, farin gemu, idanunsa a buɗe amma ba sa gani. Muka gaisa, ya shafa fuskata, ya ce hancin gidanmu ne. Aka kawo ful, dafaffen wakensu, da burodin tamis da shayi mai na'ana'a. Ban gama shan shayin ba na jawo kwalin littattafan, na ciro waya na fara ɗaukar hoto. Ya ji ƙarar.

"Me kake yi, ɗana?"

"Hoto, Kawu. Awa biyu na gama."

"Ajiye. A wane zaure ka ga an ɗauki karatu haka? Ka karanta a gabana, in ji, in gyara. Abin da ba ka karanta mini ba, ba naka ba ne."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Jirgina Asabar da yamma ne, shafi kuma ya haura ɗari uku. Na dubi Ramla neman ceto, ta watsa hannu: "Khalas, Yaya, Baba in ya faɗa ya faɗa." Na tanƙwashe ƙafa kamar ɗan shekara goma, ni da ake miƙe wa tsaye a aji.

Littafin farko kan malamin Jamusawan na farko ne, wani tsoho da ya ƙare rayuwarsa a garinsu, wanda ya ce ba ma ganin abubuwa yadda suke a karan kansu, sai yadda hankali ya tsara mana su. Shekara takwas ina koyar da wannan. Shafi na tara Kawu ya tsayar da ni, ya ce karatun aku nake yi.

Juma'a: bakin teku

Bayan la'asar ya ce a kai shi bakin ruwa, tafiyar minti goma a mota. Muka zauna kan siminti, iska na kaɗa shafukan.

"Me ke gabanka?"

"Teku, Kawu."

"Bayanka fa?"

"Gari."

"To, idona ya tafi shekara shida. Launi ya tafi, fuskar Ramla ta tafi. Amma gaba da baya ba su tafi ba. Ɗazu da anjima ba su tafi ba. Na gwada in tuna wani abu da ba ya ko'ina, ba ya cikin kowane lokaci, na kasa. Ashe ba ido ne ya kawo mini su ba, da su na tarbi duniya. Abin da tsohon yake nufi ke nan."

Na dubi ruwan nan har inda ya haɗe da sama, na kama tasbihi. Abin da na yi shekaru ina rubuta wa yara a allo, a ranar na fara fahimtarsa, daga bakin makaho mai gyaran agogo. Kafin magariba muka sauke littafi na biyu, na waɗanda suka biyo bayan tsohon suka yi ta gardama kan "ni" ɗin da ke yin sanin.

Asabar: littafi na uku

Shida na safe muka buɗe shi, ana ta ɗaure katifu a tsakar gida. Kan na ƙarshensu ne, mai cewa tarihi hankali ne da ke gano kansa a hankali, ta hanyar saɓani da sulhu. Muryata ta dushe, Ramla na ta kawo ruwan zafi da zuma. Wajen sha ɗaya rubutun ya fara karkacewa. Da na juya gaba, sai na ga layi ya hau kan layi, uku a wuri guda, baƙi ƙirin. Na tsayar da karatun.

"Ka iso wurin ke nan," in ji shi. "Nan idon ya ƙare, ban sani ba na ci gaba. Wayarka za ta karanta wannan? Ɗauko biro."

Ya jingina da bango, ya fara zubo shi da ka, jimla bayan jimla, har da inda zan sa aya. Shafi goma sha ɗaya na rubuta. Ɗaya saura kwata ya tsaya. Ya lalubo littattafan uku, ya ɗora mini a cinya, ya ce, "Na ba ka izini ka koyar." Na yi kuka, shi kuwa ya ce in tashi kada jirgi ya bar ni.

Lahadi: gida

Na kwana a Kano, na iso Katsina sha ɗaya na safe. Godiya ga Allah da ya kai ni ya komo da ni lafiya, ga Ramla da mijinta da suka yi haƙuri da mu, da direbobin da ban san sunansu ba.

Kafin gidana na biya wurin mahaifiyata. Ba ta karanta boko, amma ta buɗe littattafan tana shafawa, har ta kai ƙarshe.

"Wannan ba hannun Yaya ba ne."

"Nawa ne, Inna. Shi ya faɗa, ni na rubuta."

Ta daɗe tana kallon shafin, sannan ta goge ido da bakin mayafi.

"To, alhamdulillahi," in ji ta. "Ashe Yaya ya dawo gida."