Plaket ɗin da Ban Canza Ba

Kafin in lalace, ni makanike ne a bakin tashar Gazawa, kuma ba yabon kai ba, na iya aikina. Mota ta shigo tana ƙara, tun daga nesa nake gane ko birki ne ya cinye, ko kardan ne, sandar nan da ke kai ƙarfin inji ga taya.

A sana'armu, in ka canza wa mutum kaya, sai ka miƙa masa tsohon ya gani da idonsa. Ta nan Shaiɗan ya shigo mini. Wata rana wani direba ya kawo sabon plaket, ƙarfen da ke damƙe taya in an taka birki. Na duba nasa, na ga da ɗan sauransa. Na wanke shi na mayar, na tsinto wani cinyayye a shara na miƙa masa, sabon kuwa na sayar. Bawan Allah ya tafi yana sa mini albarka. Kafin shekara ta zagayo, buhu guda gare ni na matattun kaya, don nunawa kawai.

Har Malam Idi ban ƙyale ba, abokin mahaifina, mai motar haya. Ya ce, "Ɗana, diba mani da kyau, mata nike ɗauka zuwa kasuwa." Na ce, "Baba, kwantar da hankalinka." Amma tsohon plaket ɗinsa na mayar masa, na miƙa masa wani daga buhu, sabon na sayar.

Bayan mako uku saniya ta gitta masa a hanyar Agye. Ya taka birki, mota ta ƙi tsayawa, ya daki gawo. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma ƙafarsa ta karye wuri biyu. Tsohon plaket ɗin da na ba shi yana nan cikin motar. Jandarma suka gwada, ashe ma ba na irin motarsa ba ne. Shekara biyu na yi a kaso, kunya tana cina.

Da na fito, babu direban da ke amsa sallamata. Na je gidan Malam Idi na durƙusa. Ya ce, "Na yafe maka. An gyara motar, ƙanena ka tuƙa ta, amma giya ba ta shiga. Gobe ka taho tasha."

Washegari ya sa aka kawo masa kujera, ya zauna a gaban kowa har na gama canza faifan ambirayaj, wanda ke sa giya ta shiga. Ina ƙarƙashin mota ina hawaye. Sannu a hankali direbobi suka dawo, yau har rumfa gare ni.

Samari masu koyon sana'a, abin da kuka ɗaura a ƙarƙashin mota mai ita ba ya gani, ku ya amince wa. In kaya ya cinye, ku cire shi, ku sa sabon da aka ba ku. Ni na samu gafara, alhamdu lillahi, amma har yau da sanda Malam Idi ke zuwa masallaci.