Naja'atu, Kin Tafi da Rabin Ɗana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, Allah ya karɓi ran ƙanwata Naja'atu, malamar asibiti a Kebbe, bayan gajeriyar jinya.

Naja'atu, kowa ya faɗi alherinki. Ni kishinki nake yi, kuma ba zan ɓoye ba.

Kin san ɗan fari a gidanmu: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta rungumarsa a gaban mutane. Abinci kaɗai al'ada ta bar mini, da shi na so ɗana: masa, fura, man shanu. Ya yi ƙiba har matan Tambuwal suna cewa na iya kiwo. Ciwon asma da ke shaƙe shi kuwa, sai a ce sanyi ne.

Ranar da kika gan shi ya durƙusa a zaure yana kokawa da numfashi, kin ce mini, "Yaya, ƙibar ga ita ka ƙara danne mai ƙirji. Ba ni shi." Na ce ke da ba ki taɓa haihuwa ba, me kika sani? Kika yi dariya, kika ɗaure kayansa, kika tafi da shi Kebbe.

Kika rage masa maiƙo, kika koya masa shaƙar maganinsa, kina taka ƙasa da shi kowace yamma. Ya dawo hutu yana buga ƙwallo. Ke yake kira Inna. Ni kuwa Yaya, yadda ya ji a bakinki. Kin kira sunansa a kasuwa da ƙarfi, abin da ban taɓa samu ba.

A zaman makokinki mata suka yi masa caa. Gwaggo Atu ta tura masa kwanon masa tana cewa, "Wayyo, yaron ga ya lalace! Ci, mai hana ka ta tafi." Raina ya ɓaci, na buɗe baki, sai ya riga ni: "Inna ta hana."

Kina kabari, maganarki ta fi tawa nauyi. Na ɗauke kwanon da hannuna. Zan tsare dokarki, ko da ba za a kira ta tawa ba.

Allah ya jiƙan ki, ya yalwata kabarinki kamar yadda kika yalwata ƙirjinsa. Ya ba mijinki Malam Abdulhamidu haƙuri, da mu duka, da marayan da kika bari a ɗakina.