Mai Wankin Kwalaben Zinariya

Mijin ƙanwata, wanda yake gadi a ɗakin binciken jami'a, shi ya fara ba ni labarin zinariyar da ke ganin zafi. Ya ce, "Yaya, a wurin aikinmu ana dafa zinariya ta zama ruwa ja, kuma suna neman mai wanke musu kwalabe." Na ce, "Ruwa ja a kwalba? Ba dai giya ba?" Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya rantse min ko ɗanɗanawa ba a yi. Sai na ce to, ga 'yata ta tsakiya nan zaune ba aiki.

Ita wannan 'yar tawa, tun tana ƙarama yayyenta suke ce mata Sake-Ɗauraya. Kofi ɗaya sai ta ɗauraye shi sau biyar, ta ɗaga shi saitin taga ta leƙa. Mu gama cin abinci, mu yi salla, ita tana nan gaban famfo. Karatu bai karɓe ta ba, amma Allah ya ba ta ido.

Suka ɗauke ta, yau shekararta tara a wurin. Ni ban yi boko ba, amma ga yadda ta fahimtar da ni. Ƙwayoyin zinariyar nan ƙanana ne, ko dubu ka jera ba su kai kaurin silin gashi ba. Ana shimfiɗa su a kan wani ɗan faranti kamar farce, sai su riƙa kama hasken da ido ba ya gani, irin wanda kake ji a kumatu in ka matso da dutsen guga. Gajeru su kama nasu iri, dogaye su kama nasu, in an haɗa su ba abin da zai wuce. Wai da irinsa ɗan kwana-kwana zai hango mutum a cikin hayaƙi. Na ce ikon Allah.

Bara sai ofis ya sayo injin wanke kwalabe, ƙato kamar firji. Aka ba ta takarda, ƙarshen wata ta tattara nata ya nata. Ta zo ta zauna min a bakin gado tana murza gefen mayafi. Na ce, "Ki je ki ci gaba da gaishe su, ni zan kai ƙara inda ake kaiwa." Na duƙufa addu'a.

Sati biyu ana wanki da inji, ruwan zinariya ya ƙi ja. A dafa, ya fito toka-toka kamar ruwan kwata, ƙwayoyin sun dunƙule. Ɗalibai suka ce magani ne ya lalace. Farfesa, tsoho mai tabarau biyu a wuya, ya ce ruwan ne. Ita tana gefe tana goge tebur.

Rannan dai ta kasa haƙuri. Ta ce, "Baba Farfesa, in yi magana?"

Ya ce, "Ke ma kin zama dakta? Faɗi mu ji."

Ta ɗauko kwalbar inji, ta zuba ruwa, ta juye. "Ka ga ya tsaya ɗigo-ɗigo a jiki? Sauran sabulu ne. In ta fita, ruwan kwanciya yake yi sumul."

Wani ɗalibi ya ce, "Anti, injin nan fa daga waje aka kawo shi."

Ta ce, "To shi ma a can ba a koya masa ɗauraya ba."

Farfesa ya ce ta wanke guda uku yadda ta saba. Ta sa safar hannu, ta jiƙa su a ruwan asid, ta ɗauraye, ta sake ɗaurayewa, suna tsaye suna duban agogo. Aka dafa. Ruwa ya fito ja jawur. Tsohon nan da kansa ya taka har ofis, ya ce in za a kori wani, a fara da shi.

Yanzu injin yana nan, shi ake ba kofunan shayi da tarkacen da ba su shafi zinariya ba. Ita kuwa an ɗinka mata farar riga, kuma duk sabon ɗalibi sai ya yi sati a gaban famfonta kafin a bar shi ya taɓa komai. Jiya ma ta ce min ta mayar da wani mai digiri biyu ya sake ɗauraya har sau huɗu. Na ce ta ji tsoron Allah, ta riƙa yi masa da fara'a.