Kwanon Gilashin Mma Safara'u

A unguwar Asawase, in za a yi suna ko walima, sai an aika wa Mma Safara'u. Alewar madara take yi da ta kwakwa da ake kira tofi, amma rabin masu aiken kwanonta suke so: na gilashi ne, mai ƙafa da murfi, an sassaƙe jikinsa tsaf, in rana ta taɓa shi sai launuka su zube kan tabarma. Kakanta, wani farken goro, ya sayo shi a Sekondi tun zamanin Turawa. Ba ta ba da aronsa. Da kanta take kai shi, ta zauna kusa da shi har taro ya watse.

Bara hannunta na dama ya soma rawa. Da fari sai in ta gaji, daga baya ko shayi take motsawa cokali ya dinga dukan kofi. Ta riƙa ɓoye hannun cikin mayafi, ba ta gaya wa kowa ba.

Sai ga Nasira, 'yar ƙanwarta, daga Krofrom.

"Mma, ran Lahadi sunan jikanki. Da kwanon za ki zo, ko?"

"In Allah ya yarda," ta ce.

Ran Lahadi ta shiga trotro, motar haya, da kwanon naɗe a zane bisa cinya. Murfin na ta ƙara, ta rasa gane ko hanya ce ko hannunta. A gidan suna ta zuba alewar a zaune. Da ta miƙe za ta kai wa mata a tsakar gida, murfin ya hau kaɗawa har hira ta tsaya.

'Yarta Rahama, wadda ko wanke kwanon ba a taɓa barinta ta yi ba, ta taso ta tallafe shi ta ƙasa.

"Mma, saki. Na riƙe."

Ta kasa saki. Haka suka taka tare har tabarma.

"Tun yaushe?" Rahama ta tambaya a hankali.

"Tun kafin azumi."

Washegari Rahama ta kai ta asibiti. Likita ya ce ciwon ba ya warkewa, amma magani zai rage shi. Ya kuwa rage. Har yau tana karɓar aikin alewa, sai dai Rahama ke tuƙawa, ita tana faɗin lokacin saukewa. Kullum in ta idar da sallar asuba takan miƙa hannun hagu a gabanta, ta zuba masa ido ta ga ko shi ma ya fara.